Gishirin Dakta Jafaru

Duk wanda ya zauna tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, in ya ce bai san Dakta Jafaru ba, to ko dai ƙarya yake ko kuwa hassada ce ke cin sa. Allah ya yi masana a ƙasar nan, amma irin Jafaru sai an tona. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana tafiya a karkace. Wasu marasa kunya suna cewa wai jakar da yake ratayawa ce ke karkatar da shi. Ni dai na ce ilimi ne.

Ba kuma a nesa ya samo shi ba. Shekara biyu da wata huɗu ya yi a ɗakin gwajin ƙasa na Turawan da ke aikin dam, yana wanke kwalabe. Kada ka raina wankin kwalba. Duk kwalbar da Bature ya zuba ilimi a cikinta, Jafaru ne ke ɗauraye ta, ai kuwa dole wani abu ya maƙale a hannu. Ranar da aka rufe ɗakin ya fito da gadonsa: farar riga mai aljihu uku, mazurarin gilashi guda ɗaya, da fakitin takardar tace ruwa, irin zagayayyar nan da ake naɗewa a sa cikin mazurari. Tun daga ranar ya hana a kira shi Malam. Masu shayi a tashar Mafara suna ce masa Dakta in yana kusa, in ya ba da baya su ce Sarkin Mazurari ya wuce.

To da aka zo neman wanda zai riƙa duba ruwan rijiyoyin sababbin garuruwan da aka tayar saboda dam, wa za a ba in ba shi ba? Aka ba shi babur, aka ba shi takardu masu gurbin sa hannu. In ya rubuta ruwa ya yi, shi ke nan ya yi. In ya rubuta bai yi ba, sai a turo injin haƙa a yi wa mutane wata rijiyar.

Cikin garuruwan nan akwai Sabuwar Tunga, can bayan Faru. Mutanenta a bakin gulbi aka haife su, ruwan dam ya cinye tsohon garinsu, aka kwaso su aka ajiye a kan tudu. Wani ɗan kwangila ya gina musu rijiya guda, ya tafi bai tsaya ya kurɓa ba. Ruwan jajir yake da laka, ga zartsi mai ɗaci da ke kwana a harshe. Wake ba ya nuna a cikinsa, sabulu ba ya kumfa, cikin wanda ya sha kuma ba ya zama lafiya. Saboda haka mata ke ɗaukar tulu su yi tafiyar sa'a biyu zuwa bakin dam, cikin zafin bazara, su dawo a ƙafa. Har da Baraka, mai cikin wata takwas. Injin haƙa kuwa yana can wajen Bakura yana ƙarasa aiki, kuma an riga an ce ƙarshen wata za a ɗora shi a mota a bar ƙasar da shi kafin ruwa ya sauka. Saura kwana ashirin. Abin da mutanen Sabuwar Tunga ke nema bai wuce layi ɗaya daga alƙalamin Dakta ba.

Ran wata Alhamis da hantsi ya iso. Mai-gari Ayuba ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, da gaisuwar ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko, don mai nema ba ya gajiya da gaisuwa. Dakta ya amsa rabi ya bar rabi. Ya sa aka kawo tebur bakin rijiya, ya ɓalle jaka, ya gyara wuyan farar riga.

“Jama'a,” in ji shi, “abin da za ku gani yau kakanninku ba su gan shi ba. Sunansa filtireshan. Ni kaina sai da na shekara biyu kafin Bature ya yarda in taɓa shi. A ja da baya, kada numfashi ya ɓata aiki.”

Aka ja da baya. Ya ninka takarda biyu, ya ninka huɗu, ya buɗe ta kamar 'yar hula ya zura a mazurari. Ya zuba ruwan rijiya. Ruwa ya riƙa ɗiga cikin kwalba ɗis, ɗis, ɗis, garau da shi, laka kuma ta tsaya a kan takarda. Gaskiya dai gaskiya ce, lakar ya kama ta. Ya ɗaga kwalbar sama ya haska ta a rana, ya juya gabas ya juya yamma don kowa ya samu rabonsa na kallo.

“Ga cutar nan a takarda,” ya ce. “Na raba ta da ruwan. Ruwanku ya yi.”

Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya. Batulu ce, uwar Baraka, wadda sana'arta toka. Karan gero take ƙonawa, ta tace tokar, ta dafa ruwan har ya daskare, ta kai kasuwar Talata masu miya da masu sabulu su saya.

“Ranka shi daɗe, Dakta,” ta ce, “a ɗan kurɓa mana a ji.”

“Inna, kimiyya ba ta aiki da harshe. Da ido take aiki, idon ma na wanda ya yi karatu.”

“To ni dai ban yi karatu ba. Amma shekara talatin ina tatar toka. In na zuba ruwa bisa toka cikin kwando, abin da ka ɗiga ƙasa garau shike awa wanga naka, amma sa shi ga baki ka ji. Abin da ya narke cikin ruwa ba shi tsayawa ga tsumma, ɗana. Bin ruwan shikai shi wuce.”

Dakta ya yi dariya har da riƙe tebur. “Toka! Ina maganar kemistiri ana kawo mini toka!” Ya zaro alƙalami daga aljihu na biyu ya rubuta: ruwa mai kyau ne in an tace. Kafin ya hau babur ya ba da shawara kyauta, ya ce kowane gida ya aika Kaduna a sayo masa takardar tacewa.

Ran Batulu ya ɓaci ƙwarai, har ta kasa cin tuwo. Da yamma ta ga Baraka ta shigo da tulu a ka, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ƙafafu a kumbure, sai tsohuwa ta juya fuska don kada 'yar ta ga hawayenta. Washegari da safe ta jawo ruwan rijiyar da kanta. Ta tace shi da tsumma ninki uku har ya yi garau kamar na Dakta. Ta cika babbar tukunya ta ɗora a murhu, yana ƙafewa tana ƙarawa, tun safe har la'asar, sai da abin da ya rage a gindin tukunya ya yi kauri. Ta sauke, ta rufe, ta bar shi ya huce ya kwana, yadda take yi wa tokarta. Da gari ya waye gindin tukunyar ya cika da wani farin abu sirara-sirara kamar allurai. Ta kankare ta ƙulle a tsumma. Ran Talata ta bi motar kasuwa zuwa Mafara, ta iske Dakta a ofis yana goge mazurari. Saura kwana goma sha biyar.

Ta kwance ƙullin a kan teburinsa. “Ga abin da ya wuce takardarka. Cikin ruwan da anka tace na hid da shi.”

Da wani ƙaramin mutum ne, da kunya ta kama shi. Amma Dakta ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ɗauki ƙullin ya kai taga, ya duba, ya sake dubawa, kuma abin da ya hango a ciki sunansa ne a jarida.

“Inna, kin san abin da kika yi tuntuɓe da shi? Kiristalaizeshan ke nan! Da ma ina shirin zuwa in yi shi.” Ya jawo littafi. “Faɗa mini yadda kika yi, in ga inda kika yi kuskure.”

Ta faɗa masa tun daga tacewa har zuwa sauke tukunya. Yana rubutawa da sauri, yana cewa haka ne, haka ne, to ba laifi. Bai samu kuskuren ba, amma ya cika shafi biyu.

“Gishiri ne,” ya ce da ya gama. “Ma'adini! Ashe kan dukiya kuke zaune kuna kuka.”

“Ba gishirin miya ba na, Dakta. Shi na abin da ka gudar muna da ciki. Don Allah don Annabi ka sake takardag ga a kawo muna injin.”

“Inji? Kusa da rijiyar arziki? A huda ƙasa ma'adinin ya tsiyaye?”

Takarda kam ya sake ta. A sabuwar ya rubuta cewa shi Dakta Jafaru ya gano gishiri a Sabuwar Tunga ta hanyar bincike mai zurfi, don haka a kewaye rijiyar da waya, kuma kada a kuskura a haƙa wata a kusa. Tsohuwa ta je neman gyara, ta dawo da abin da ya fi na da muni. Kai, Allah ya raba mu da mai ilimin da ba a iya gaya wa magana.

Daga nan aiki ya tashi. Ya ba da umarni a dafa masa ruwan rijiyar ganga biyu. Matan da ke tafiyar sa'a biyu neman ruwan sha, yanzu an ƙara musu neman itacen dafa wanda ba ya shawuwa. Su ke jawowa, su ke hura wuta, shi kuma yana tsaye a inuwa da agogo a hannu yana cewa a ƙara wuta, a rage wuta. Abin da aka samu ya sake narkar da shi, ya tace da takardarsa, ya bar shi ya sake daskarewa har ya yi fari tas. Ya ɗura a kwalba ya liƙa mata suna: Gishirin Jafaru Lamba Ɗaya. Ya zaga da ita Bakura, ya zaga Garbadu, duk inda ya ga mutum uku a zaune sai ya tsayar da babur. Sau ɗaya wani mahauci ya matsa masa ya ɗan lasa. Dakta ya lasa, fuskarsa ta tattare, ya ce wannan ɗacin shi ne alamar ƙarfi, gishirin kasuwa ai duk an kashe shi.

Ana saura kwana shida kwamitin da ke kula da sababbin garuruwa ya zo ganin abin al'ajabi. Alhaji Nasidi ne shugaba, dattijo mai nauyin jiki da nauyin magana, tare da injiniya ɗaya da magatakarda ɗaya, cikin Landiroba. Mai-gari Ayuba ya yanka rago, da fatan in baƙi sun ƙoshi za su saurari kuka. Dakta ya shiga har madafa ya hana a sa gishirin kasuwa. Da hannunsa ya zuba nasa a miya, ya zuba a yaji, bai yi rowa ba.

Batulu ta tare shi a ƙofa. “Na hwaɗa maka sau biyu, ga na uku, Allah na shaida. Kak ka ba baƙi abin ga.”

“A janye mini tsohuwar nan,” in ji Dakta. “Yau ranar tarihi ce.”

Ta koma gindin zana ta zauna, ta naɗe hannu. Ta yi iyakar abin da Musulmi zai yi.

Jawabin Dakta ya ɗauki sa'a guda da 'yan mintoci. Ya faro daga ranar da ya fara riƙe kwalba, ya bi ta kan jahilcin mutanen karkara, ya sauka a kan masana'antar da za a gina, wadda shi ba ya son a sa mata sunansa amma in an nace ba zai ƙi ba. Sannan ya jera kofuna huɗu, ya cika su da ruwan da ya tace, ya zuba gishirinsa cokali guda tuli a kowane, ya motsa. Direba bai samu ba, don ba babban mutum ba ne.

Alhaji Nasidi ya kurɓa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi injiniya, injiniya ya dubi magatakarda, magatakarda ya dubi ƙasa. Baƙo dai ba ya kushe abin da mai gida ya miƙo masa, kuma cikinsu babu mai son a ce shi ne baƙauyen da bai gane kimiyya ba. Suka rufe ido suka shanye.

“Madalla,” Alhaji ya ce da ƙyar. “Akwai ƙarfi.”

Dakta ya sha kofi biyu don ya nuna misali. Aka kawo tuwo da nama, barkono ya rufa wa ɗaci asiri, aka ci aka sha romo. Mai-gari ya roƙa a ba Batulu dama ta yi magana, aka ce lokacin kwamiti ya ƙure. Alhaji ya ce in sun isa Mafara zai sa hannu a takardar Dakta. Bayan azahar suka tashi, aka kuma karrama Dakta da kujera a cikin Landiroba, ya bar babur a gidan mai-gari.

Hanyar da suka bi ta ratsa filin aikin noman rani. Wanda bai ga filin nan a lokacin ba ba zai gane ba. Katafila ta bi ta kansa ta tumɓuke kowace bishiya, kowane kalgo, kowace sabara, har suri ba ta bari ba, ta baje ƙasa sumul iyakar ganin ido don ruwa ya ji daɗin gudu. Ga ma'aikata nan birjik a bakin magudanan ruwa, ga mata masu tallar fura. Magatakarda ne ya fara mutsu-mutsu. Injiniya ya fara zufa yana gyara zama. Can sai Alhaji Nasidi ya ce, cikin wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba, “Direba, tsaya.”

Ya fito ya duba gabas, ya duba yamma. Ko ciyawar da za ta ɓoye zomo babu. Buta kuma guda ɗaya ce a motar, mutum huɗu.

Ba zan faɗi abin da ya faru ba, saboda akwai manya a ciki. Abin da zan ce kawai, babbar riga tana da wani amfani da maɗinkanta ba su sani ba, farar rigar Dakta kuwa iyakarta gwiwa. Ma'aikata masu ladabi ne, suka juya baya, amma kafaɗunsu suna rawa. Sau bakwai motar nan ta tsaya kafin Mafara. Direba, da yake lafiyarsa ƙalau, shi ya riƙa gudu da buta zuwa magudanar ruwa yana dawowa.

Ka san babban masani ba ya faɗuwa haka kawai. Tsakanin tsayawa ta huɗu da ta biyar Dakta ya ɗago kai daga jikin ƙofa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ma wani binciken ne. Ashe har magani ne. Sai a yi masana'anta biyu.”

Alhaji bai kula wannan ba. Ya ce, “Wannan ruwan mutanen can suke sha?”

“In an tace, ranka ya daɗe.”

“Mu ma tatacce muka sha. Tun yaushe?”

“Wata bakwai.”

“Da yara? Da masu ciki?”

Kunyar da ta kama Alhaji a lokacin ta fi ta bakin hanya. A tsayawa ta biyar ya karɓi takardar Dakta ya yayyaga ta. A ta shida ya jingina da gaban mota, ya rubuta wa masu inji su tashi zuwa Sabuwar Tunga gobe da safe.

Injin ya zo. Aka kafa shi can gangare wajen fadama, nesa da rijiyar arziki, ya kwana uku yana ruri. Ana jibi wata zai ƙare ruwa ya ɓullo. Alhaji Nasidi ya dawo da kansa, ya ɗan faɗa, ya kuma taho da ruwan shansa a gora. Gari duka ya taru. Aka tara ruwan farko a bokiti, saura gwaji, don ba a miƙa rijiya sai an cika takarda.

Dakta ya matso gaba yana ɓalle jaka. Ya rame shi ma, amma murya tana nan. “Jama'a, abin da za ku gani yau...”

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya juya wajen Batulu. “Inna, yaya ake gane ruwa?”

“Ni in na hwaɗi, ranka shi daɗe, a ce ban yi karatu ba. A kawo jakin Buba. Wata bakwai ko sansanar waccan rijiya ba shi yi. Shi ba shi jin kunyar mai gida, ba shi kuma tsoron a ce bai waye ba.”

Buba makiyayi ya jawo jakinsa, wani tsohon jaki mai yagaggen kunne. Jaki ya sunkuya, ya sansana, ya yi jim. Sai ya tsoma baki ya yi ta zuƙa har ya ga gindin bokiti, ya ɗago ya ture bokitin da hanci yana neman ƙari. Mata suka rangaɗa guɗa. Batulu ta tari wani a ƙwarya ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, sannan ta miƙa wa Baraka tana cewa alhamdu lillahi.

“Dakta,” in ji Alhaji, “cika takarda.”

Dakta ya zaro alƙalami da sauri, ransa ya ɗan dawo. Takardar tana da gurbi biyu a ƙarshe, na sama an rubuta wanda ya gwada ruwa, na ƙasa an rubuta mataimakinsa. Ya ɗora alƙalami a na sama.

“A'a,” Alhaji ya ce. “Gaskiya za a rubuta. Na sama na jakin Buba ne. Kai sa naka a ƙasa.”

Ya sa. Har da Dakta a gaban sunan.